Tambayar Mako: Dubarar Rayar da Ƙungiyar Manoma

Yau maganarmu da kai ce, kai da jama'a sunka ɗora ma shugabancin ƙungiya, da kai magatakarda mai riƙe da littafi, da ke uwar ƙungiya mai riƙe da asusu, har da kai mai gida da ke fita gandu da ƙanne da ɗiya da barema. Duk wanda ke da mutane ƙarƙashinshi wurin aiki, to ya matso kusa.

Kun san yadda abin yake faruwa. Ranar da anka kafa ƙungiya, inuwar dogon yaro ba ta isar mutane. A ce mutum 40 sunka rubuta suna, kowa ya zuba kuɗinshi. Wata na biyu rabinsu sunka zo taro. Kafin kaka, sai shugaba da magatakarda da ma'aji, su uku bisa tabarma suna kallon juna. Ba a yi faɗa ba, ba wanda ya ce ya fita, sunan kowa na nan cikin littafi. Ana nan sai ranar biyan bashin taki ta zo, ga shi ƙungiya ce ta tsaya ma kowa, wanda bai biya ba sai ya ja ma sauran. Ko kuwa a buɗe mangaza a tarar ƙwari sun mai da wake gari. Ran nan kowa zai zo, kuma magana ɗaya za ka ji daga bakin kowa: "Ni ban sani ba, ba wanda ya tambaye ni."

Ka riƙe wannan magana da kyau, kada ka ɗauke ta gardama. Sau da yawa gaskiya ce.

Me ya sa mutum ke sanyi cikin taro?

Akwai wani malamin aikin gona a ƙasar Faransa, sunanshi Max Ringelmann. Aikinshi shi ne auna ƙarfin shanu da dawaki da mutane wajen jan kaya. Ya sa mutane jan igiya, ɗaya ɗaya, sa'an nan biyu biyu, uku uku, har takwas, yana auna ƙarfin da sunka sa. A 1913 ya buga abin da ya gano. Idan mutum biyu ne, ƙarfin kowane ya ɗan ragu kaɗan. Idan sun kai takwas, kowa wajen rabin ƙarfinshi yake badawa. Wani abin daga rashin haɗa hannu ne, wannan ya ja, wancan bai kai ga ja ba. Amma a 1974 wasu masana a Amurka sunka sake gwajin da wata dubara. Sunka rufe ma mutum ido, sunka sa ya zaci akwai wasu bayanshi suna ja, alhali shi kaɗai ne. Sai ƙarfinshi ya ragu. Ke nan ba ragwanci ba ne kawai, halin ɗan Adam ne: in ya ga aikinshi ya ɓace cikin na jama'a, ba wanda zai gane nashi, sai ya sassauta, ko da bai yi niyya ba.

Za ka ce to gayya fa? Ai gayya ta fi haka yawan mutane, amma gona ba ta kai azahar. Gaskiyarka. Amma duba yadda magabata sunka shirya ta. Kowane saurayi na da layinshi, wanda ya yi baya kowa na ganinshi. Ga makaɗi na biye, yana kiran kowa da sunanshi da na ubanshi. Ba wanda ke ɓacewa cikin gayya. Sai dai gayya ta yini ɗaya ce, ƙungiya kuwa ta shekara da shekaru ce, ba ka iya ɗauko makaɗi kowace safiya. Abin da zai tsaya maka a madadin ganga shi ne tambaya: tambaya ɗaya, a rana sananniya, kowane mako, kowa kuma ya amsa da bakinshi.

Ba baƙuwar dubara ba ce

Dattawa za su tuna ƙungiyoyin sauraron rediyo da anka kafa a ƙasarmu a 1962. Da dare mai kula da ƙungiya, sau da yawa malamin lakkol ne, sai ya kawo akwatin rediyo dandali. A saurari shiri, sa'an nan ya jefa ma jama'a tambaya, ya ɗauki muryoyinsu cikin na'ura, a aika Yamai. Bayan ƴan kwanaki mutum ya ji muryarshi, ko ta wani manomi kamarshi, tana fita daga akwati, ƙasa duka na ji. Abin da ke maido mutane dandali ke nan: an tambaye su, kuma amsar ta isa wani wuri.

Tun kafin mu, manoman Kanada sun yi haka daga 1941 har 1965. Kowane daren Litinin cikin sanyi maƙwabta na taruwa gidan ɗayansu, su saurari shiri, su amsa tambayoyin da anka aiko masu a takarda, magatakarda ya mai da amsa, a karanta taƙaitawarta a rediyo. Indiya ta gwada a 1956 wajen garin Pune, Gana ta bi a 1964.

Amma misalin da ya fi kusa da mu yana hannun mata. Asusun Mata Masu Dubara, wanda ya fara a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, ya bazu har ƙasashen da ba su san Hausa ba. Da yawa daga matan farko ba su yi karatun boko ba, to yaya sunka riƙe lissafi? Kowane zama, kafin a buɗe akwati, sai a tambayi taro: nawa munka bari a ciki wancan mako? Mata su faɗa, a buɗe, a ƙirga gaban kowa. Tambaya ce ƙarama, kullum ita ce, amma saboda ita kowace mace ke zuwa da lissafi cikin kanta, kuma ba mai iya taɓa dala ɗaya a ɓoye. Ku maza, ba kunya ba ne ku koya daga nan.

Yadda ake ɗaura tambaya

A nan aikin yake, don haka za mu daɗe kaɗan. Tambayar da shugabanni sunka fi so ita ce: "Akwai mai magana?" Wannan ba tambaya ba ce, sallama ce. Kowa ya san amsarta: "Babu, sai alheri." Haka kuma "Kun gane?" da "Kun yarda?" Wa zai tashi gaban surukinshi ya ce bai gane ba?

Tambaya mai kyau tana tambayar abin da mutum ya gani da idonshi ko ya taɓa da hannunshi cikin kwana bakwai da sunka wuce. Kada ka ce: "Yaya gonaki?" Za a ce maka: "Sai godiya." Ka ce: "Wane ƙwaro ka gani a gonarka wannan mako, kuma a wane gefe?" Mai gonar gabas ya ce ya ga fara ƙanana bakin daji. Mai gonar arewa ya ce shi ma. Kafin a tashi kun san ba abin mutum ɗaya ba ne, kun san inda za a kai malamin gona, tun fara ba ta yi fiffike ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma sai an tambaye shi wane lungu.

Kada ta zama tarko. "Wa ya bar ƙofar ruwa buɗe?" tambayar alƙali ce, ba ta shugaba ba. Wanda ya sani zai yi shiru don kada ya tona ɗan'uwanshi. A fadamun da ake ban ruwa da layi, irin na Jiratawa ko na Ƙonni, sai ka ce: "Ran da layinka ya zo, ruwa ya iso ka da wane lokaci?" Daga amsoshin za a ga inda ruwan ke tsayawa, ba tare da an kira sunan kowa ba. Gyara kake nema, ba mai laifi ba.

Akwai kuma abin da ba a tambaya. Kada ka tambayi magidanci dami nawa ke cikin rumbunshi gaban jama'a. Sirrin gida ne, ƙarya zai yi maka, kuma kai ka jawo. In ƙungiya na son sanin halin cimaka don ta yi tanadi, a tambaya a kaikaice: "A ganinku, wane wata ne mutanen garin nan za su fara awo a kasuwa bana?" Kowa zai amsa da halin gidanshi, amma da sunan gari.

Tambaya ɗaya ta isa. In kun saba, a ƙara ta biyu wadda ba ta sakewa: "Me ya hana ka aiki wannan mako, wanda ƙungiya za ta iya kau da shi?" Wanda ya zo da tambaya goma, takarda ya zo cikawa.

Ita kuma tambayar ta bi shekara. Da bazara, kafin ruwan shibka: "Wa ya gwada irinshi?" Ga gwajin, ga wanda ya manta: a ƙirga ƙwara 100, a naɗe cikin tsumma mai laima, a aje a inuwa ana yayyafa ruwa, bayan kamar mako ɗaya a ƙirga waɗanda sunka tsiro. Ka ce kowa ya zo da tsummanshi zama mai zuwa, ka ga yadda taro zai cika, don kowa na son ganin na wani. Da damana ta zauna, a tambayi ƙuduji, gonar wa ya fito, an cire shi kafin ya zuba iri ko ba a cire ba. Da hatsi ya fidda kai, a tambayi murzuna da tsuntsaye. Da kaka, maganar ajiya ce: wa ke da buhun nan mai riɓi uku na wake, wa ya duba ko ledar ciki ta huje, nawa tiya take a kasuwa yau, nawa ta kai bara da bazara. Da rani kuwa, masu garka na da rijiya da irin albasa, masu sassabe na da maganar kututturan da za a bari su tofo, dubarar da ta bazu daga wajen Maraɗi tun shekarun 1980. Ba za ka rasa tambaya ba muddin kana zuwa gona.

Wa ke fara amsawa?

Wannan wuri ne da shugabanni da yawa ke faɗuwa. Al'adarmu ce, in babba ya yi magana, ta ƙare. Yaro ba ya cewa a'a bayan Baba ya ce i. Saboda haka in ka fara da dattijo, amsa ɗaya za ka samu, sauran su ce: "Yadda Baba ya faɗa." To juya abin. Ka roƙi dattawa tun kafin zama, ka ce: "Baba, a bar yara su fara, ku ne za ku rufe." Girmansu bai ragu ba, don mai rufe magana shi ne babba. Kai kanka shugaba, kai ne na ƙarshe kafin su. In ka faɗi ra'ayinka da farko, ka kashe tambayar da hannunka.

A bi mutane ɗaya ɗaya, da suna, yadda sunka zauna. Wanda ba ya da abin faɗa ya ce "na wuce", ba laifi. Amma a kira sunanshi. Mako uku yana cewa ya wuce, na huɗu zai yi magana.

In taro ya fi mutum 20, ko akwai masu jin kunyar juna, a raba shi. Mata su zauna nasu, samari nasu, magidanta nasu, kowane rukuni ya zaɓi mai kawo amsa. Haka ƙungiyoyin Dimitra ke yi, waɗanda hukumar abinci ta duniya FAO ta taimaka anka fara a ƙasarmu a 2009: kowa ya tattauna a nashi wuri, sa'an nan a haɗu gaban mai gari. Matar da ba ta buɗe baki gaban ƙanen mijinta, cikin ƴan'uwanta mata ita ce mai bayani.

Wata tambayar kuma ba ta amsuwa da baki ko kaɗan. Misali: "Ka gamsu da yadda anka raba taki?" Don wannan a aje ƙwarya biyu bayan zana, ɗaya ta i, ɗaya ta a'a, a rufe su da faifai. Kowa ya ɗauki tsakuwa ɗaya, ya shiga shi kaɗai, ya jefa. A fito da su a ƙirga gaban kowa. Shugaba, ka daure. Wata rana ƙwaryar a'a za ta fi nauyi. Gara ka ji nauyinta yau bayan zana da ka ji shi ranar biyan bashi.

Kada ka ji tsoron shiru. In ka yi tambaya anka yi tsit, kada ka yi sauri ka amsa ma kanka. Ka sunkuyar da kai, ka jira. Mutanenmu ba su son fara magana, amma sun fi ƙin shiru mai tsawo. Shi kuwa mai dogon zance, wanda ba ya rasuwa a kowane gari, ba shi aiki: shi zai maimaita abin da kowa ya faɗa a ƙarshen zama. Dole ya saurara.

Rana da lokaci

Rana ɗaya, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, kada a riƙa sakewa. A kauce ma ranar kasuwa. Bayan la'asar ko bayan lisha ya fi. Rabin awa ya isa, in ta wuce haka mako mai zuwa za a ragu. Lokacin noman farko, sa'ad da ba mai sararin zama, kada a ce an dakatar sai kaka. Abin da anka dakatar ba ya dawowa. A rage shi dai: mai gandu ya yi tambayarshi gindin itace lokacin da anka kawo fura, ƙungiya ta yi tata ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, a tsaye. Barema ma a tambaye shi. Ya yi aiki gonaki biyar wannan mako, ya ga abin da kai ba ka gani ba.

Bashin da ke kan mai tambaya

Duk abin da munka faɗa a baya banza ne in babu wannan. Wanda ya yi tambaya ya ci bashi. Magatakarda ya rubuta amsoshi, da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Kafin a tashi a ware su. Akwai abin da mu da kanmu za mu yi cikin mako: a faɗi sunan mai yi da ranar yi. Akwai abin da sai an kai ma malamin gona, ko mai gari, ko magajin gari: a faɗi wanda zai tafi, in da kuɗin mota a fidda daga asusu gaban kowa. Akwai kuma abin da ba shi yiwuwa bana. Wannan a faɗa a fili, a faɗi dalili. Mutum na jure "ba shi yiwuwa", abin da ba ya jurewa shi ne a ce "za a duba" sau biyar.

Zama na gaba kuwa ba a fara shi da sabuwar tambaya. Da tsohuwa ake farawa: "Wancan mako kun ce rufin mangaza na zuba, an ce wane zai hau ran Talata. Wane, ka hau?" In ya hau, a yi mashi sannu gaban kowa. In bai hau ba, ya faɗi abin da ya hana, a sake sa rana. Ran da ƙaramin cikinku ya ga maganarshi ta sa an ɗora kwano, daga ranar ƙungiya tashi ce.

Mun ga ƙungiyoyi da yawa tun zamanin UNCC, wadda anka kafa a 1962. Da dama daga sama sunka zo, da takardunsu da hatiminsu, manomi na kallonsu kamar kayan gwamnati, wurin karɓar iri da taki da kai gujiya. Da abin karɓa ya ƙare, taro ya watse. A ganinmu irin wannan ciwo ne ke kama ƙungiyar da ba ta zama sai baƙo ya zo da mota da kuɗin zama. Ba mu ce a ƙi baƙo ba. Amma zaman mako naku ne, kada a haɗa shi da kuɗi ko dala ɗaya. In an saba ma mutane da biya, ran da babu, kai kaɗai za ka shimfiɗa tabarma.

Bayan wata biyu ko uku, ka saki tambayar daga hannunka. Wannan mako ƙungiyar mata ta kawo, mako mai zuwa samari, na gaba wani dattijo. Za ka ji tambayoyin da ba su taɓa zo maka ba, wasu ma a kanka. Ka amsa su kamar kowa.

In kana son sanin ko abin na ci, littafin magatakarda zai gaya maka. A ja layi uku a kowane zama: mutum nawa sunka zo, mutum nawa sunka yi magana, abu nawa anka gama daga na wancan mako. Layi na biyu ya fi na farko muhimmanci. Mutum 15 da kowa ya buɗe baki sun fi 40 da sunka zo jin shugaba. In layi na uku ya daɗe babu komi, kada ka zargi jama'a, ka rage alkawari, ka ɗauki ƙaramin abu ɗaya a gama shi.

Ga tambayar da za ku fara da ita a zamanku na farko, ko wane wata wannan takarda ta same ku: "Cikin aikin da munka yi tare bara, wane ne za ka so a sake, wane ne kuma ba ka so a sake?" A fara da mafi ƙanƙanta. Magatakarda ya rubuta, ya aje kwafi ɗaya cikin littafi, ɗaya kuma ya ba malamin gona na yankinku in ya zo zagaye.